Sharhin Littafi da Tsamiya a Baki

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran abin da ke kaina, da yammacin Asabar ɗin da na tsaya yi wa manyan mutane sharhin littafi a wata makaranta kusa da Ƙofar Galadima a birnin Zariya. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da kuwa ni kaɗai ne a ɗaki.

Lokacin ina sabon malamin elementare, 'yan shekaru kafin a samu mulkin kai. Ina da keke, ina da agogon hannu, ina da alƙalami biyu a aljihun gaba (ɗaya ba ya rubutu, amma wa ya sani?). A ganina duk unguwarmu ta Kwarbai babu wanda ya kama ƙafata wajen wayewa. Muna da wata 'yar ƙungiya ta masu karatu, malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan asibiti, mukan taru ran Asabar bayan la'asar a wani aji. Akan ba mutum littafi ya je ya karanta, ya dawo ya ba sauran labarin abin da ke ciki da Hausa, ya faɗi inda ya yi kyau da inda ya gaza. Ƙofa a buɗe take, duk mai sha'awa yana iya zuwa ya saurara. Shugabanmu shi ne Malam Umaru hedimasta, mutum mai sanyin hali, wanda ko dariya a hankali yake yin ta.

Da layi ya zo kaina, Malam Umaru ya zaro wani littafin Turanci daga akwatin littattafan aro ya miƙo mini. Ya ce, "Wannan kan jikin ɗan Adam ne da halayensa. Kowa ya ɗauka sai ya duba kaurinsa ya ajiye. Kai da kake da ƙuruciya, gwada mu gani."

Na kuwa karanta shi daga bango har bango, ƙamus a hannun hagu. Gaskiya littafi ne mai daɗi. Wani likita ne ya rubuta shi don mutane irinmu da ba likitoci ba. Ya yi bayanin abin da ke sa zuciya ta riƙa dukan ƙirji in mutum ya tsorata, da dalilin da gumi ke keto masa ko da ana sanyi. Ya ce akwai wani ɗan abu a saman ƙoda da ke zuba wani ruwa cikin jini in mutum ya shiga tsaka mai wuya, sai gwiwa ta kama rawa, baki ya bushe, murya ta sarƙe. Ya ce yawu na tsinkewa da kansa in an ga abu mai tsami, ba sai an ba shi umarni ba, kuma hamma tana yaɗuwa daga baki zuwa baki. Kunya ma, a wajen jiki, 'yar uwar tsoro ce, hanyarsu ɗaya. Har dabbobi, in ji shi, haka jikinsu ke yi in sun firgita.

Iyakar abin da mutumin ya faɗa ke nan, kuma ban ga laifinsa ba. Sauran ni na ƙara masa daga aljihuna. Na yanke hukunci cewa duk wanda ya san yadda waɗannan abubuwa ke aiki ya fi ƙarfinsu. Tun da na san daga inda kunya take fitowa, ai ni da ita mun yi sallama.

Daga nan na addabi unguwa da gwaje-gwaje. In na zauna a majalisar ƙofar gida sai in yi hamma da gangan, in riƙa leƙen wanda zai biyo baya. Ran nan na lallaɓa ta bayan Innata tana tuƙin tuwo, na buga tasa da ƙarfi don in ga yadda za ta zabura. Ta zabura kuwa, daidai yadda littafi ya ce. (Abin da ya biyo baya da muciya, babu shi a littafin.) Wata rana kuma ina zaune gaban wanzami ana yi mini aski, ga mutane suna jiran layi, na ce in akuya ta ga kura da in mutum ya ga ɗan doka ya nufo shi, abu ɗaya ne ke faruwa a cikin jininsu. Kun san yadda magana ke tafiya a cikin birni. Kafin ta isa Kusfa ta zama, "Malamin nan na Kwarbai ya ce mutum akuya ne, kuma kunya ciwo ce da Turawa suka samo maganinta."

To, Kusfa ita ce inda bai kamata maganar ta je ba. Mai ɗakina Hajara tana can gidansu wajen Gwaggonta, wankan haihuwar fari, ita da jaririnmu. Mahaifinta Malam Bawa maɗinkin manyan riguna ne, dattijo marar yawan magana, wanda in ya ɗago kai daga allura ya dube ka sai ka tuna duk laifin da ka taɓa yi. Dama can boko bai kwanta masa a rai ba. Albarkacin amincinsa da marigayi mahaifina ya ba ni 'yarsa. Ni kuwa ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. In na hango shi a hanya sai in karya kan keke in faɗa lungu. Akwai ranar da na faɗa har cikin zauren mutanen da ban sani ba, na tsaya ina gaishe su kamar da ma wajensu na zo.

Aka yi arba'in, aka wuce ta da nisa, ba wanda ya ce uffan game da dawowar Hajara. Inna ta aika, aka ce sai ta ƙara ƙwari. Ta sake aikawa, aka ce Malam yana nazari. Ɗakina ya yi mini faɗi. Nakan tsaya in dubi jeren kwanukanta da ƙura ta fara hawa, in ji wani abu ya tokare mini wuya (na duba littafin, yana da bayanin wannan ma, amma bai rage mini komai ba).

Inna ta ce, "Bakinka ne ya jawo maka. Wa zai ba mai cewa mutane awaki ne 'yarsa da jikansa?"

Na ce, "Inna, ilmi ne ba ku gane ba."

Ta ce, "To, ilmin ya dafa maka tuwo."

Abokina Sule, malamin asibiti, wanda muka tashi tare tun muna yawo ba wando, shi ma ya ja ni gefe ana jibi taron. Ya ce, "Ka yi sharhinka a kan zuciya da gumi ka sauka lafiya. Zancen kunyar nan ka cire shi."

Na ce, "Haba Sule, ai nan ne daɗin yake."

Ya dube ni, ya girgiza kai, ya ce, "To, zan zauna a gaba."

Ran Asabar na ci ado. Na ɗauko farar babbar rigata ta aure, wadda Malam Bawa ya ɗinka da hannunsa, aikin aska a ƙirji kamar a lasa. Na biya kasuwa na sayi curin tsamiya na ƙunshe a takarda, don ina so in nuna wa mutane aikin jiki ido da ido, ba labari kawai ba. Da na isa na tarar aji ya cika maƙil. Manya sun takure a bencin yara, gwiwoyi har ƙirji, wasu na tsaye a taga, wasu a bakin ƙofa. Ashe duk an zo ganin mai cewa mutum akuya ne. Ni kuwa na ɗauka sunana ne ya fara fita.

Na fara da kyau, wannan kam ko maƙiyi zai shaida. Na ɗauki alli na rubuta alamomin tsoro da kunya a allo da manyan baƙaƙe: bugun zuciya, gumi, rawar gwiwa, sarƙewar murya, bushewar baki. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na yaba wa mai littafin da sauƙin bayani da kyawawan zane-zane. Sannan na kama shi da laifi, kamar yadda mai sharhi ya kamata ya yi. Na ce ya ɓata shafuka da yawa yana zancen yadda fuska ke yin ja in an ji kunya, mu kuwa wannan bai amfane mu da komai ba, don ko mun yi ja ba mai gani. Aka yi dariya. Na ce kuma bawan Allahn nan bai san kunya ba sai ƙanana, bai taɓa jin labarin kunyar ɗan fari ko ta suruki ba. Aka sake yin dariya, har Malam Umaru ya ɗan motsa kafaɗa.

Dariyar nan ita ta kai ni ta baro. Na gyara tsayuwa, na naɗe hannun riga a kafaɗa, na ce, "Jama'a, kunyar nan da muke ɗauka da girma haka, ba komai ba ce illa ruwa a cikin jini. Wanda bai sani ba shi take juyawa. Ni da na karanta, yanzu ko a gaban wa zan iya tsayawa in yi magana ido cikin ido, in ci abincina in sha ruwana."

Sule ya ɗaga hannu daga bencin gaba. "Malam, ko a gaban wa?"

Na ce, "Ko a gaban wa!"

Sai na kwance ƙunshin nan. Na ɗaga tsamiya sama kowa ya gani, na ce, "Yanzu ku dube ni da kyau, kowa ya lura da abin da bakinsa zai yi ba da izininsa ba." Da ɗan gutsure kaɗan na yi da ya isa. Amma ina, so nake na bayan aji ma su gani. Na yago kusan rabin curin, da 'ya'yan da jijiyoyin, na cusa a baki. Kumatuna suka cika. Tsamin ya harbe ni har cikin kunne, na runtse ido, na ji mutane na ta haɗiyar yawu suna dariya. Na ce a raina, yau na gama da Zariya.

Ina buɗe ido sai na ga Malam Umaru ya miƙe tsaye yana duban ƙofa. Ya ce, "A'a! Malam Bawa, kai ne a tsaye a waje? Tun yaushe? Ku ba shi hanya mana."

Wata murya da na sani sarai ta amsa a natse, "Tun ana zancen jan fuska."

Mutane suka dare. Ga surukina ya shigo, rawani tsaf, carbi a hannu, yana takowa kamar mai shiga zaurensa.

Ni dai ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Gwiwoyina ba su yi shawara da ni ba. Na tsinci kaina durƙushe a gaban allo, alli a hannu ɗaya, sauran tsamiya a ɗayan, ido a ƙasa. Ya kamata in gaishe shi, to da wane baki? Na shiga lissafi cikin gaggawa. In na tauna, na ci abinci a gaban suruki. In na tofar, na yi abin da ya fi wannan muni. In na haɗiye, ga 'ya'yan tsamiya kamar tsakuwa, sai dai a kira Sule da kayan aikinsa. Saboda haka na zaɓi abin da ya fi kowanne wauta: na rufe baki na yi shiru, ina fatan ƙasa ta tsage.

Aka ba shi kujerar Malam Umaru ya zauna dab da ni. Da ya ga ban ce komai ba, sai shi, dattijo, ya fara gaishe ni. "Malam, ina wuni?"

Na ce, "Mmm."

"Ya mutanen gida? Ya Innarka?"

"Mmm. Mmm."

A nan ne babi biyu na littafin suka kaure da faɗa a cikin bakina. Babin tsoro ya ce baki ya bushe, babin tsami ya ce yawu ya zubo. Babin tsami ne ya yi nasara. Na ji bakina na cika kamar rijiya da damina. Na matse leɓe iya ƙarfina, amma ta gefe guda wani siririn zare ya sulalo, ya bi haɓa, ya yi lilo, ya sauka a tsakiyar aikin askar da mutumin nan ya ɓata idonsa yana ɗinkawa. Ruwan ƙasa-ƙasa a kan fari fat. Wani ya biyo bayansa.

Malam Bawa ya dubi rigar, ya dube ni, sannan ya ɗaga kai ya dubi allo. Shi karatun ajami ya sani, ba ya karanta boko. Ya ce, "Malam Umaru, mene ne aka rubuta a nan?"

Malam Umaru ya yi gyaran murya. "Alamomin kunya ne, Malam. Na farko, bugun zuciya."

Surukina ya sunkuyo ya dubi ƙirjina, inda riga ke ta ɗagawa tana sauka. Ya ce, "Akwai."

"Sai gumi."

"Akwai, har da ƙari."

"Rawar gwiwa."

"A durƙushe yake, amma ga ta nan tana yi. Akwai."

"Sarƙewar murya."

"Mun ji. Akwai."

Malam Umaru ya danne dariya da ƙyar. "Na ƙarshe, bushewar baki."

Malam Bawa ya daɗe yana kallon haɓata. Sannan ya girgiza kai a hankali ya ce, "Wannan kam babu. A nan mai littafin ya yi kuskure."

Wayyo! Ajin nan kamar rufin zai tashi. Sule ya zame daga benci ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Na taga suna ba na baya labari, su ma suna fashewa. Malam Umaru, da ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba, ya kifa kai a tebur. Ni kuwa na ja numfashi don kada in suma, sai wani ɗan tsamiya ya bi ta inda ba hanyarsa ba. Na sarƙe. Tari ya ƙwace mini, duk abin da na yi ta tsarewa ya fito fili, har ƙwallo guda ya yi tsalle ya gangara ya tsaya a gefen takalmin surukina.

Wani ya rugo da moɗar ruwa daga randar makaranta ya miƙo mini. Ina tari, hawaye na zuba, amma hannuna ya ƙi karɓa. Ta yaya zan sha ruwa yana kallo? (Ku tuna, ni ne mai "ko a gaban wa".) Sai na ji ƙarar kujera. Malam Bawa ya miƙe, ya juya ya fuskanci bango, ya ce, "Na ba da baya. Ku ce masa ya sha."

Na sha. Ban taɓa shan ruwa mai daɗi da ɗaci a lokaci ɗaya irin wannan ba.

Na ɗauka zai fita, amma ya koma ya zauna. Ya ce shi karatu ya zo ji, a ƙarasa masa. Haka na miƙe da jiƙaƙƙiyar riga na ƙarasa sharhin, ido a kan yatsun ƙafata, da wata 'yar murya kamar ta sauro. Zancen wanda ya fi ƙarfin kunya dai ban sake bi ta kansa ba. Da na kai ƙarshe aka ce ko akwai mai tambaya, sai ya ce a sake yi masa bayanin ruwan nan na saman ƙoda. Na sake yi, ina in'ina. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ikon Allah. Ashe abin da ke kama ni ke nan in zan sa almakashi a tsadadden yadin mutane. Tun ina saurayi nake yanka, har yau sai hannuna ya yi rawa. Littafin nan ba na banza ba ne." Ya yi sallama ya tafi, bai ƙara dubana ba.

Ta lungu na koma gida, ina tura keke. Labari ya riga ni isa. Inna na ganin rigar ta ajiye abin da ke hannunta ta shige ɗaki, ina jiyo ta tana dariya har da salati. Kwanakin da suka biyo baya daga makaranta sai gida, ko majalisa ban leƙa ba. Na riga na sallama cewa aurena ya tafi tare da mutuncina, har na fara tunanin neman canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa inda ba a san ni ba.

Ranar Juma'a da yamma ina kwance sai na ji guɗa a ƙofar gida. Mata ne daga Kusfa, ɗauke da ƙwarya da fanteka, Hajara a tsakiyarsu da goyo, ta yi ƙiba ta yi haske. Na rasa inda zan sa kaina don murna. Sai da 'yan rakiya suka watse na samu shiga ɗakin. Ta durƙusa ta gaishe ni, kai a sunkuye, amma kafaɗunta na rawa.

Na ce, "Yi dariyarki kawai, kowa ma ya yi."

Ta yi mai isarta, har yaron ya farka. Da ta natsa ta ce, "Malam, ka san abin da Baba ya ce?"

Na ce, "Ban sani ba, kuma ban tabbata ina son sani ba."

Ta ce, "Da ya dawo ran nan ya zauna a zaure da allura a hannu, ya kasa ɗinki, sai murmushi yake yi shi kaɗai. Can ya shigo cikin gida ya ce wa Gwaggo, 'An ce mini yaron nan boko ya cire masa kunya. Ni kuwa tun da nake ban taɓa ganin kunya tana zuba a ƙasa ba sai yau. Ku shirya ta ta koma ɗakinta.'"

Na karɓi yaron na rungume, na ɓoye fuskata a jikinsa.

Bayan wannan na yi sharhin littattafai da dama a ƙungiyar nan, har wasu suna cewa na iya. Amma na koyi in faɗi abin da mai littafi ya faɗa in tsaya nan, kada in ɗora masa nawa. Na kuma gane cewa kai ne kaɗai ke zuwa makaranta, gwiwa ba ta jin Turanci. Ga masu tasowa kuma shawarata guda ce: in har ya zama dole ka cika baki a gaban jama'a, to ka tabbata da magana kaɗai ka cika shi.